Buhun da Bai Shigo Kasuwa Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin masu hatsi ya san magana biyu ce ke yawo a kasuwa. Akwai ta mai awo, wanda mudu ke hannunsa, ya san yadda aka sayar da gero kasuwar da ta wuce, ya san yadda ake sayarwa yau. Akwai kuma ta bakin jama'a, ita kuwa kullum guda ce: "Kai, kaya sun yi wuta!" Ko damina ta yi albarka, buhu ya sauko, ka tare magidanci yana komawa gida da awonsa a bayan keke ka tambaye shi ya kasuwa, cewa zai yi sai dai haƙuri. Kuma tsakaninsa da Allah yake faɗa. Ranar da ya zo kuɗinsa suka gaza ita ta zauna masa a rai, ranakun da kuɗin suka isa har aka ba shi canji tuni ya manta da su.

To, haka maganar aikata laifi take a Amurka. Mai awonsu ita ce hukumar FBI, wadda ke tattara rahotannin 'yan sanda daga ko'ina a ƙasar. Mudunta ya nuna cewa daga farkon shekarun 1990 zuwa 2019, manyan laifuffuka irin su kisa da fashi da jikkata mutum sun ragu da wajen rabi. Amma cibiyar Gallup mai jin ra'ayin jama'a, wadda ke tambayar mutane kusan kowace shekara, amsa ɗaya ta yi ta samu a mafi yawan shekarun tun 1993: mafi yawansu cewa suke yi laifi ya ƙaru a ƙasar fiye da bara. A Ingila ma haka, laifi ya kai ƙololuwa a 1995, ya yi ta gangarowa shekara da shekaru, mutane na ta cewa duniya ta lalace. Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne in aka ce wa Ba'amurke to unguwarku fa, sai muryarsa ta sauko, ya ce nan dai da sauƙi. Tamkar mutumin Bukkuyum ne da zai ce maka hatsi a nan da dama-dama, amma wai a Gummi ba ya taɓuwa, alhali rabonsa da Gummi tun kafin azumi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga mai cin tuwo. Ka yi loma hamsin lafiya lau, a ta hamsin da ɗaya haƙorinka ya haɗu da tsakuwa, labarin tsakuwar nan za ka kai majalisa. Sannan ga dillalai. Buhu ɗaya ne ya sauka daga kan jaki, wannan ya taya, wancan ya ɗaga, na uku ya kai shi wata rumfa, mai kallo daga nesa sai ya rantse buhu biyar ya gani. Hari ɗaya za ka ji a rediyo da asuba, ka gan shi a Facebook da hantsi, a turo maka muryar wani a WhatsApp da la'asar, da dare kuma a maimaita maka shi wurin mai shayi an ƙara masa gishiri. Wani lokacin ma bidiyon na shekara uku da suka wuce ne, na wata jiha can daban.

Saboda haka idan wani jami'i ya fito ya ce hare-hare sun ragu a Zamfara, mutanen Bukkuyum da Anka da Gummi suka girgiza kai, akwai masu saurin cewa ai cutar Amurkawa ce ta kama su, tsoro ya hana su ganin sauƙin da aka samu. Ni ban yarda da wannan hukuncin ba sai an ba ni mudun na juya shi na duba gindinsa.

Mudu ba ya auna sai abin da ya shigo kasuwa. Geron da aka yi musayarsa a zaure, da wanda aka biya bashi da shi tun a gona, ba ya shiga lissafin sarkin kasuwa, kuma hakan bai hana shi zama gero ba. Littafin 'yan sanda haka yake. Ka dubi mutumin da ke wani ƙauye can ciki wajen Gwashi ko Adabka, aka ɗauke masa ɗa a gona. An kira shi a waya, an yanka masa kuɗin fansa, an kuma gargaɗe shi kada ya sake ya gaya wa hukuma. Ya sayar da shanun huɗa, ya buɗe rumbu ya kwashe abin da ya tanada don bazara, dangi suka yi karo-karo, aka haɗa da katin waya da man fetur aka kai daji. Yaro ya dawo da ƙafafu a kumbure. Wa zai ce wa wannan bawan Allah ya hau babur, ya bi hanyar da ɓarayin ke tarewa, ya je hedikwatar ƙaramar hukuma don a rubuta sunansa a takarda? Buhunsa bai shigo kasuwa ba, kuma irinsa ba su ƙirguwa.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta taɓo wannan. A Disamban 2024 ta fitar da sakamakon wani bincike da ta yi ta hanyar tambayar magidanta, inda ta ƙiyasta laifuffuka sama da miliyan 50 cikin shekara guda, da kuɗin fansa sama da naira tiriliyan 2, Arewa maso Yamma kuma ita ce kan gaba. An yi ta jayayya kan alƙaluman, wasu na ganin an cika mudun har ya yi tozo. Amma ko an shafe tozon, binciken ya nuna yawancin waɗanda aka shiga gidajensu aka yi musu fashi ba su kai ƙara wurin 'yan sanda ba.

Ko abin da ya faru a idon duniya ma sai ka ga mudu biyu. A farkon Janairun 2022, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka tsakanin Anka da Bukkuyum, suka yi kwanaki suna ɓarna. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe. Mutanen yankin, waɗanda suka bi daji suna tattaro gawarwaki suka yi musu sutura, suka ce adadin ya doshi 200. Wanda ya tsaya a sahun wannan jana'izar, ya kuma ji abin da aka faɗa a rediyo, da wuya ya sake gaskata mai awo, ko da ranar da mai awon ya faɗi gaskiya.

Akwai kuma shirun da ba na lafiya ba. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako-mako, an taƙaita sayar da man fetur. Labari ya daina fita yadda ya saba, don babu ta inda zai bi. Kasuwar da aka rufe ba a jin rigimar ciniki a cikinta, amma ba mai hankalin da zai ce hatsi ya yi araha. Ƙauyen da aka aiko wa takardar haraji ya tara miliyoyi ya biya don a bar shi ya yi girbi, ba a kai masa hari ba wannan shekarar, a lissafi sai ya faɗa cikin garuruwan da aka zauna lafiya. Haka wanda mutanensa suka watse suka koma kangaye da makarantu a cikin gari. Babu sauran wanda za a sace a can, sai adadi ya sauko.

Duk da haka ba na son a ɗauka bakin jama'a ne kaɗai mai gaskiya. Akwai lokutan da sauƙi ke samuwa da gaske: sojoji ko Askarawan da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a farkon 2024 su tsare wata hanya, motocin kasuwa su yi makonni suna wucewa ba abin da ya same su. Wannan ba mai ɗaukarsa a waya ya tura wa kowa. Tsoron da ya wuce gona da iri kuwa shi ma yana cin dukiya. Manomi ya ƙi shuka gonar da da ya shuka zai girbe, ɗan kasuwar Gusau ko Sakkwato ya fasa zuwa saye, direba ya ninka kuɗin mota. Shi ya sa muke buƙatar mudun da mai saye da mai sayarwa za su yarda da shi.

Amurkawa tun 1973, Ingilishi tun 1982, suka fara bin gidaje suna tambayar mutum me ya same shi bana, ko ya kai ƙara ko bai kai ba, sai su ajiye wannan kusa da littafin 'yan sanda su gwada. Mu ma wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. A 2010, lokacin da gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, yawancinsu a gida suka rasu aka binne su, takardun asibiti ba su san da su ba. Sai da ma'aikatan lafiya da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shiga ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta, aka bi gida-gida ana tambayar iyaye mata, sannan girman abin ya fito fili aka kawo magani aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar.

Masu wannan ilimin suna nan da ransu. Mai unguwa ya san gida nawa aka kulle, liman ya san jana'iza nawa ya sallata, shugaban tasha ya san ranakun da mota ta ƙi tashi, mai awo ya san ƙauyukan da jakunansu suka daina zuwa. A rufa wa mai ba da amsa asiri, don a nan baki na iya jawo wa mutum kwanan daji, sannan a yi masa tambayar da ta dace da rayuwarsa: bana gonar nesa ka noma ko ta bayan gida kaɗai, nawa aka yanka wa garinku kafin a yi girbi, kuma dare nawa iyalinka suka kwana a ɗaki ba a cikin dawa ba?