Motar Kara da Fasahar Ƙera Ƙananan Motoci

Motar kara ƙaramar mota ce da ake haɗawa da karan dawa ko na gero domin kwaikwayon siffar motar gaske. A ƙauyukan Dawakin Tofa, kamar sauran karkarar arewacin Kano, aikin yara maza ne, kuma lokacinsa kaka. Da zarar an yanke dawa an ɗaure dammuna, kara yakan wadata. Manya su kwashi na darni da na girki da na dabbobi, yara kuma su tsinci nasu rabon, su zauna a inuwa da reza ko guntuwar wuƙa. Galibi ana ɗaukar abin a matsayin wasa kawai, alhali reshe ne na wata fasaha da manyan mutane ke kashe wa kuɗi da lokaci a ƙasashe da dama, wato ƙera ƙananan motoci bisa ma'auni.

Kara yana da ɓangare biyu, kuma a kansu aikin ya dogara: ɓawo mai tauri a waje, da totuwa mai laushi a ciki. Maƙerin yakan feƙe ɓawon ya tsaga shi siri-siri, ya zama tsinkaye, totuwar kuma ya yanka ta gunduwa-gunduwa gwargwadon tsawon da yake so. Tsinken ne ƙusa, totuwar ce katako. Ana soka tsinke a jikin totuwa a haɗa ta da wata, har a tayar da shimfiɗar ƙasa, a ɗora kan mota, sannan a gina bodi. Ba gam, ba zare. Ƙwarewar tana wajen zaɓen kara: ɗanye yana motsewa idan ya bushe, sai haɗin ya saki, wanda kuma ya daɗe a rana totuwarsa takan yi burtsi ta farfashe. Inda ake son ƙarin ƙarfi, wasu sukan sa ƙayar aduwa a madadin tsinke.

Taya ita ce wurin da aka fi shan wuya, domin da'ira ba ta yafe kuskure. A da sakaina ake karta a ƙasa har ta zagaye. Yanzu an fi yanko ta daga tsohon silifa, a ɗora murfin kwalba a kai a zana, a bi zanen da reza. Idan hudar ba ta faɗa tsakiya daidai ba, motar za ta riƙa ɗingishi komai kyan bodinta, kuma abokai ba za su yi shiru a kai ba.

Daga kara ake wucewa zuwa langalanga da gwangwani da waya. Gwangwanin madara ko na tumatir ana farke shi, a buge shi ya miƙe, a lanƙwasa gefensa don kada ya yanki hannu. Motar waya kuwa ita ce ta fi nuna fahimtar yadda mota ke aiki. Ana yi mata dogon sitiyari wanda mai ita zai riƙe yana tsaye, a haɗa ƙarshensa da tayoyin gaba ta yadda idan ya murɗa hagu za su karkata hagu tare. Ana ɗaure mahaɗar da robar tsohon tif, wadda kuma ke ba motar ɗan lilo irin na sifirin. Wannan salo ya bazu a Afirka: a Malawi ana kiran irinta galimoto, a Afirka ta Kudu kuma sananniya ce ƙwarai. Yaran da suka ƙara gaba sukan ciro ɗan injin da ke juya kaset a mataccen rediyo, su haɗa shi da batirin tocila, su sa ƙananan fitilu a gaba.

Abin da ake kwaikwaya shi ne abin da ido ya saba gani, kuma ta wannan fuska yaron Dawakin Tofa ya yi sa'a. Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, a cikin wannan ƙaramar hukuma take, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Kullum tireloli da gingimari suna lodin riɗi da wake da masara da zoɓo, wasu zuwa kudu, wasu zuwa Nijar da Chadi. Shi ya sa babbar mota ta fi yawa a hannun yara, da bodinta mai tsayi, da tsanin hawa, da wurin zaman yaron mota, har da ƙananan buhuna na leda cike da yashi. A baya Fijo ce sarauniya, musamman samfurin 504 da kamfanin Peugeot ya riƙa haɗawa a Kaduna, inda ya buɗe masana'anta a 1975. Bayan shigowar babur mai ƙafa uku Kano a 2005, Adaidaita Sahu ta kwali da fenti ruwan ɗorawa ta shiga sahu. Mai lura zai iya karanta tarihin sufurin yanki daga abin da yaransa ke ja da zare.

A Turai da Amurka da Japan wannan sha'awa ta zama masana'anta. Kamfanin Meccano na birnin Liverpool a Ingila ya fara fitar da ƙananan motocin Dinky a 1934, ana zuba narkakken ƙarfe a cikin mazubi. Matchbox ya biyo a 1953 da motoci masu shiga akwatin ashana, sai Hot Wheels na Amurka a 1968. Akwai kuma irin waɗanda kamfanin Tamiya na Japan ke sayarwa a warwatse, mai saye ya zauna ya haɗa sassan roba ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya yi fenti, wani lokaci ya shafe makonni a kan mota guda. Masu tarawa suna duba abu uku: daidaiton siffa da ta asali, tsabtar aiki, da ƙarancin samuwa. Motar da ba a taɓa wasa da ita ba, tana cikin kwalinta na asali, takan ninka 'yar'uwarta daraja.

Babban bambancin waɗannan da motar kara shi ne ma'auni. Idan aka rubuta 1:43 a ƙarƙashin mota, ana nufin kowane sashe nata an rage shi sau 43 daga girman na gaske, tsawo da faɗi da tsayi duka. Fijo 504 tana da tsawon kusan mita huɗu da rabi, saboda haka a wannan ma'auni za ta ɗan haura santimita 10, a ma'aunin 1:18 kuwa ta kai santimita 25. Motocin Hot Wheels galibi suna kusa da 1:64. Maƙerin ƙauye da ido yake awo, kuma idon wasu yana da kaifi na ban mamaki, amma kuskuren da aka fi gani shi ne taya ta yi wa bodi girma, ko kan mota ya rinjayi bayanta. Maganinsa ba ya buƙatar komai sai tef ɗin tela da lissafin rabawa. Bayan tirela mai mita 12, idan aka zaɓi 1:24, zai zama santimita 50, tayarta mai kusan mita ɗaya kuma ta dawo santimita 4 da ɗoriya. Yaron da ya yi wannan lissafi sau ɗaya da hannunsa ya fahimci darasin da allo ke shan wahalar koyar da shi, kuma abin takaici ne yadda malaman firamare ba su cika shigo da motar kara aji ba.

Kamfanonin mota da kansu da ƙaramin samfuri suke farawa. Tun zamanin Harley Earl, wanda ya jagoranci sashen zane na General Motors daga 1927, ake sassaƙa siffar sabuwar mota da wani irin yumɓu na musamman, da farko ƙarama, daga baya a cikakken girma, kuma kwamfuta ba ta kashe wannan hanya ba har yau. Ga gari irin Dawakin Tofa da ya yi suna a ginin tukwane, inda yara ke murza laka su fitar da shanu da motoci, wannan ba baƙon aiki ba ne. Kamfanin General Motors ya kuma ɗauki nauyin gasar ƙera ƙananan samfura ta matasa daga 1930 zuwa 1968, ana ba zakaru tallafin karatu, kuma da yawa daga cikinsu sun zama masu zanen mota. A wannan kamfani ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya yi zanen siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, kafin a naɗa shi shugaban hukumar zane da bunƙasa motoci ta Najeriya a 2017. Ba kowane mai motar kara ne zai kai can ba, amma hannun da ya saba da filaya da awo tun yana ƙarami ba ya rasa wuri a garejin makanike ko rumfar mai walda ko wajen kafintocin bodin manyan motoci.

Abu biyu ne ke rage wannan fasaha a yau: motocin roba masu araha da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, da wayar hannu da ke cinye lokacin zaman inuwa. Ga kuma gajeren rai na kayan aikin. Motar kara ba ta jure damina. Danshi yana sassauta tsinkayenta, gara da ƙwari suna cin totuwar, ta gwangwani kuma tsatsa ke kama ta. Wanda ke son adana mai kyau sai ya tabbata karan ya bushe sarai kafin haɗawa, ya shafa mata banish irin na kafinta ciki da waje, ya ɗora ta a kan kanta nesa da ƙasa da bangon laka, inda rana ba ta dukanta kai tsaye. Ta ƙarfe kuma a goge ta, a yi mata fenti shafi biyu, a ɗiga ɗan baƙin mai a inda tayoyi ke juyawa. Yana da kyau a manna 'yar takarda a ƙarƙashinta mai ɗauke da sunan wanda ya ƙera, da shekara, da irin motar da aka kwaikwaya, da ma'aunin da aka bi idan an bi.