Igiya da Bakara: Ƙananan Abubuwan da Ke Riƙe da Jirgin Filafili

Duk wanda ya san Hartum da Umdurman ya san kogi ne ya haife su. A Mugran ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu suka nufi arewa, iska kuwa a yawancin shekara daga arewa take busowa. Saboda haka tun zamanin kakanni mai zuwa kudu yakan ɗaga filafili iska ta tura shi, mai komawa arewa kuma ya naɗe shi ya bi ruwa. Gadoji ne suka rage wa jiragen nan kasuwa, tun daga gadar Farin Nilu ta 1928 har zuwa gadar tsibirin Tuti ta 2009. To, yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, wanda a cikinsa gadar Shambat ta karye a watan Nuwamba na wannan shekara, ya tuna mana cewa kogi bai daina zama hanya ba. Yanzu da jama'a ke komowa gida, akwai jirage da yawa da suka daɗe a yashe cikin rana, kuma cikin masu su akwai masuntanmu Hausawa, waɗanda aka san su da wannan sana'a daga Maiurno har Jabal Auliya. Kafin a mai da su ruwa muna da magana.

Idan mai jirgi ya tashi gyara, katako yake fara dubawa, kuma yana da gaskiya. Kafin yaƙi, a bakin ruwa na unguwar Abu Rof ta Umdurman, masassaƙa suna ƙera jirage da itacen sunut, wato bagaruwarmu, su haɗa alluna masu kauri da dogayen ƙusoshi, su cusa tsumma a tsakani. Irin wannan itace in ya bushe yakan buɗe baki, amma in ya kwana biyu a ruwa sai ya kumbura ya rufe. Abin da ba ya warkewa da kansa shi ne ƙarfe da igiya, kuma su ne aka fi mantawa da su.

Ga yadda abin yake. Filafili yana ɗaure ne a jikin doguwar sanda, sandar kuma tana rataye a jigon jirgi da igiya mai bi ta cikin kura, wadda a nan muke ce wa bakara. Sa'an nan akwai wata igiya a kusurwar filafili ta baya, wadda matuƙi ke ja ko ya sassauta. Duk ƙarfin iskar da ke tura jirgi mai ɗauke da buhuna da mutane, kaso mai yawa nasa ta wannan igiya yake bi, ya sauka a kan zobe ɗaya ko turke ɗaya da aka kafa a bayan jirgin. In zoben nan ya tsinke a tsakiyar kogi, filafili zai yi ta bugun iska, jirgi ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, matuƙi kuwa ba shi da abin riƙewa.

Masu jiragen yawon teku a Turai da Amurka sun daɗe da yi wa wannan wuri dabara. Maimakon zobe a kafe, sai suka shimfiɗa siririn dogo na alminiyam a faɗin bayan jirgi, suka ɗora masa 'yar kura mai tafiya a kan ƙananan ƙwallaye, kamar dai jirgin ƙasa a kan dogonsa, igiyar filafili kuma a jikin kurar take. Iska ta yi ƙarfi, a sake kurar ta gangara gefe, filafili ya zubar da iskar da ta yi yawa; ta yi sanyi, a jawo ta tsakiya. Kamfanoni irin su Harken da Lewmar su suka yi suna wajen ƙera ta. Inda ta fi shan wahala shi ne a jirgin nan mai gangar jiki biyu, tagwaye a haɗe. Jirgi mai jiki ɗaya in iska ta buge shi yakan karkata, nauyin ya ragu. Tagwayen kuwa ba sa karkata, don haka dukan bugun a kan dogo da notocinsa yake ƙarewa. Shi ya sa masu su ke kwance notocin lokaci lokaci, su duba farantin ƙarfen da ke tallafe da su daga ƙasa, su kuma duba matokarai biyu na ƙarshen dogon, don kada kurar ta fice da gudu ta sami mutum.

Wani zai ce ina ruwan mai kamun ƙarfasa da kayan masu kuɗi? Ai darasin ɗaya ne, ko a jiragen tsere na kulob ɗin Blue Nile Sailing Club da ke Hartum, wanda a 1926 ya mai da Malik, tsohon jirgin yaƙin Kicina na yaƙin Karari na 1898, ofishinsa. Abu na farko da masu dogon nan suka koya, mu ma ya shafe mu: ba a shafa wa ƙwallayen giris. Ruwa mai tsabta da ɗan sabulu ake wanke su da shi. Su gishirin teku suke gudu, mu kuwa namu abokin gaban ƙura ce ta habub da lakar da Shuɗin Nilu ke kwasowa daga tsaunukan Habasha a watannin Agusta da Satumba. Giris ya haɗu da yashi, ya zama dutsen niƙa, ya cinye bakara daga ciki tana sheƙi daga waje. Mu malaman makaranta mukan nuna wa yara wannan da sarƙar keke, kuma nan take suke ganewa.

Sai igiya. Ta nailan da ta cika kasuwa ta fi ta kaba ƙarfi tana sabuwa, amma rana tana cinta ba tare da ta nuna ba. A murɗe ta a buɗe cikinta: in ta yi gari a hannu, ko zarenta yana karyewa, ta gama aiki, sai dai a ɗaure akuya da ita. A fi duba daidai inda take gogar bakara, kuma tun ba ta lalace ba a riƙa juya ta kai ya koma gindi. Zoben baya kuma kada a tsaya ga kallonsa. A buga shi da guduma, a girgiza. Ƙusa takan yi tsatsa a cikin itace inda ido ba ya kaiwa, kanta lafiya lau, cikinta ya zama kamar allura. Wanda ya sami hali ya cire ƙusa ya sa noti mai ratsa katako, da faffaɗan ƙarfe a bayansa. Maƙeran kasuwar Umdurman ba su taɓa kasa irin wannan aiki ba, har da sandar ƙarfe mai zobe mai zamewa daga gefe zuwa gefe, wadda ita ce kakar wancan dogon na Turawa.

Ba don kifi kaɗai muke wannan magana ba. A watan Agusta na 2018, yara 'yan makaranta 22 suka nutse a Jihar Nahrun Nil suna kan hanyar zuwa makaranta, bayan injin jirginsu ya mutu a tsakiyar ruwan ambaliya. Wancan na inji ne, amma jirgin da igiyarsa ta tsinke halinsu ɗaya. Muna roƙon iyaye da shugabannin masunta a unguwanninmu, duk jirgin da zai ɗauki yara a bana, a sa dattijo masani ya duba bakara da igiya da zobe da hannunsa, tun ruwa bai fara ja ba a watan Yuli.