Yadda injinan ƙarfi na cikin ƙwayoyin jiki ke haɗewa da juna

Likitocin jijiya sun san wata cutar gado da ke fara wa mutum daga ƙafa: yaro ya riƙa tuntuɓe, ƙwauri ya rame, daga baya raunin ya kai ga hannuwa. Ana kiranta Charcot-Marie-Tooth, da sunan likitoci uku, biyu a Paris ɗaya a Ingila, da suka bayyana ta a 1886. Sai a 2004 aka gano cewa wani nau'inta yana tasowa ne daga abu ƙanƙani ƙwarai: wasu sassa a cikin ƙwayoyin jiki ba sa haɗewa da junansu yadda ya kamata.

Sassan nan su ne mitokondiriya. Su ne ke karɓar abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa, su mai da su ƙarfin da nama da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi. A littattafan makaranta ana zana su kamar ƙwayar wake, kowace a zaune ita kaɗai. Zanen nan yana ruɗarwa. A cikin ƙwaya mai rai, kullum suna yawo, biyu su haɗe su zama ɗaya mai tsawo, wata kuma ta rabu biyu.

Haɗewar tana da dalili. Kowace mitokondiriya tana ɗauke da nata ɗan kundin gado, mai ƙwayoyin gado 37, wanda mutum ke samu daga mahaifiyarsa. Aikin samar da ƙarfi yana lalata kayan ciki sannu a hankali. In wadda ta samu tangarɗa ta haɗe da mai lafiya, sai kayansu su cakuɗu, abin da wannan ta rasa ta samu wurin waccan.

Sai dai haɗewar ba ta zuwa da kanta. Mitokondiriya tana da tantani biyu, na waje da na ciki, duka na kitse ne, kuma tantani biyu ba sa son kusantar juna saboda ruwan da ke tsakaninsu da cajin lantarkin da ke ture su. Dole a sa musu ƙarfi, sau biyu kuma.

Labarin yadda aka gano mai sa ƙarfin yana da ban dariya. A 1997, Karen Hales da Margaret Fuller na jami'ar Stanford a Amurka suna nazarin ƙananan ƙudajen da ke bin ƴaƴan itace. Lokacin da maniyyin namijin ƙudan ke girma, mitokondiriyarsa na taruwa su haɗe su zama manya biyu da suka naɗe juna. Duk wanda ya taɓa yanka albasar Galmi gida biyu ya san kamannin abin. A wasu ƙudajen da ba sa haihuwa, haɗewar ba ta yiwuwa, albasar ta fito a hargitse. Sai suka raɗa wa ƙwayar gadon da ta lalace suna mai ma'anar albasa buzu-buzu. Daga nan aka bi sawu har aka samo danginta biyu a jikin mutum, furotin da ake kira mitofusin 1 da mitofusin 2.

Su ne masu aikin tantanin waje. Suna kafe a jikinsa, hannu a miƙe waje. In mitokondiriya biyu suka kusanci juna, na wannan ya kama na waccan, su ƙona wani ɗan makamashi da ake kira GTP, su tanƙware, su jawo tantanin biyu har su manne su buɗe.

Tantanin ciki kuwa aikin wani furotin ne daban, OPA1. Shi ba ya buƙatar ɗan'uwansa a ɗaya ɓangaren: ya isa ya kama wani kitse na musamman mai suna kardiyolipin da ke jikin tantanin da ke fuskantarsa. Yana da siga biyu, doguwa da gajeriya, kuma aikin ya fi tafiya in suna tare. A nan ne ƙwaya ta kafa shingen bincike. In mitokondiriya ta lalace har cajinta ya faɗi, wani furotin mai suna OMA1 yana datse dogayen OPA1 ɗinta. Daga nan ba ta ƙara haɗewa da kowa, ta zauna a ware har ƙwayar ta narkar da ita. Wato ana agaza wa mai ƙaramin rauni, amma wadda ta wuce gyara ba a barinta ta gurɓata sauran.

A 2003, ɗakin binciken David Chan a Kalifoniya ya nuna cewa ɓeran da aka cire wa mitofusin ɗaya yana mutuwa tun a ciki. A mutum kuwa, lahani a mitofusin 2 shi ne ke kawo wancan nau'in cutar ƙafa, kuma ba abin mamaki ba ne: jijiyar da ke tashi daga ƙashin baya zuwa yatsan ƙafa takan kai mita guda, tana buƙatar mitokondiriya masu lafiya tun daga tushe har ƙarshenta. Lahanin OPA1 kuma ido yake taɓawa. A 2000, masu bincike a Monpeliye ta Faransa, da wata tawaga ta daban, suka danganta shi da ƙanjamewar jijiyar gani, wadda kan fara tun ƙuruciya, gani ya riƙa raguwa, bambance launi ya yi wuya. Tabarau ba ya gyara wannan, kuma in uwa ko uba na ɗauke da lahanin, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadonsa.