Shin me ya sa wasan Pokémon Gold da Silver ya yi tashe?

A ranar 21 ga watan Nuwamban 1999 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wasan Pokémon Gold da Silver, wanda ci gaba ne ga wasan farko da ya fito a 1996.

Wasan dai ya isa Amurka a watan Oktoban 2000, da Turai a watan Afrilun 2001, kuma an sayar da kwafinsa kimanin miliyan 23.

A gidajen gem na Fagge da Sabon Gari a birnin Kano an fi sanin ƙwallon ƙafa a na'urar PlayStation. Shi kuwa wannan, ana buga shi ne a Game Boy Color, 'yar na'urar hannu mai amfani da batura biyu, wadda ɗauke wuta ba ya tsayar da ita.

Yadda ake buga shi

Mai wasa yana yawo ne a wani yanki da ake kira Johto, yana kama wasu halittun ƙirƙira, ya horar da su, sannan ya haɗa su faɗa da na wasu. Kowace halitta tana da wadda ta fi ƙarfinta: ta ruwa na rinjayar ta wuta, ta wuta na rinjayar ta ciyawa, ita kuma ta ciyawa ta rinjayi ta ruwa.

Kamfanin Game Freak da ya ƙirƙiri wasan ya ƙara sababbin halittu 100, adadinsu ya kai 251. Sai dai ba za a samu dukkansu a kaset ɗaya ba, dole sai an yi musaya da wani ta hanyar haɗa na'urori biyu da waya.

Taƙaddama a ƙasashen Musulmi

A watan Maris na 2001 malaman Saudiyya suka bayar da fatawar haramta Pokémon, musamman katunansa. Sun ce akwai caca a ciki, da alamomin wasu addinai, da kuma koyar da ra'ayin Darwin, saboda yadda halittun ke rikiɗa daga wata siffa zuwa wata.

Shi ma Sheikh Yusuf al-Qaradawi da ke Qatar a lokacin ya bayar da irin wannan fatawa a shekarar, yayin da kamfanin Nintendo ya musanta cewa ya sanya alamomin addini.

Hakan ya zo ne a daidai lokacin da ake muhawara a Kano kan nishaɗi da tarbiyyar yara, bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, da kafa hukumar tace fina-finai a 2001.

Matsalar batir

Babban abin da wasan ya zo da shi shi ne agogo a cikin kaset, wanda ya sa wasu halittun ba sa fitowa sai da dare, wasu abubuwan kuma sai a wasu ranaku na mako.

To sai dai agogon ba ya tsayawa ko da an kashe na'urar, kuma ɗan batir guda ne ke riƙe da shi tare da duk abin da mai wasa ya adana. Da zarar batirin ya mutu, halittun da aka shafe watanni ana tarawa sun tafi ke nan.

Don haka duk wanda ya ci karo da tsohon kaset a wajen 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari, ya kamata ya adana wasan, ya kashe na'urar na ɗan lokaci, sannan ya sake kunnawa kafin ya biya kuɗi. Mai gyaran waya zai iya sauya batirin, amma abin da ya ɓace ba ya dawowa.

A 2009 ne aka sake fitar da wasan a na'urar Nintendo DS da sunan HeartGold da SoulSilver, kuma a wannan karon abin da aka adana bai dogara da batir ba.