Kilifar gyaran gemu: yadda za ka zaɓi wadda kuɗinka ba zai tafi a banza ba

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda datarsu ba za ta ja murya ba.

Yau ba siyasa za mu yi ba, maganar kilifa za mu yi, wato injin gyaran gemu da saje. Na san wani zai ce, haba malam, duk matsalolin ƙasar nan sai kilifa? To ka tsaya ka ji. Da samarinmu masu aiki a kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai nake magana: mai tsaye a kan injin roba, mai aikin jima a kamfanin fata, mai lodi, mai gadi. Mutumin da kan shiga aiki da sassafe ya fito da magariba, ko ya kwana yana aikin dare, ba kullum yake samun shagon aski a buɗe ba, ranar Juma'a kuma layi ya kai bakin ƙofa. Shi ya sa da yawa suke sayen tasu. Matsalar ita ce a saya yau, bayan wata biyu ta mutu, a sake saye. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wanda ke rayuwa a kan irin wannan kuɗi bai da rarar da zai riƙa zubarwa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, farashin da aka faɗa maka a kasuwa ba shi ne tsadar kilifa ba. Tsadarta ita ce nawa kowane gyaran fuska ya tsaya maka kafin ta mutu.

Mu yi lissafi da misali, kai kuma ka sa farashin unguwarku. A ce mai aski yana karɓar naira 500, kana zuwa sau ɗaya a mako. A shekara naira 26,000 ke nan. Ka sayi kilifa ta naira 8,000, ta yi wata uku ta ƙi motsi. Gyara 13 ka samu, kowane ɗaya ya tsaya maka sama da naira 600. Ka ga ai gara mai askin. Wani kuma ya daure ya sayi ta naira 20,000, ta yi masa shekara biyu, gyara 104, kowane ɗaya bai kai naira 200 ba. Wa ya sayi mai tsada a cikinsu? Hausawa sun gama magana da suka ce araha ba ta ado. Amma kuma kar ka ɗauka duk mai tsada ce mai kyau, don jabu ma yana zuwa da tsada.

To yaya za ka gane mai daɗewa?

Ka fara da tambayar kanka, me zan yi da ita? Kilifa kashi biyu ce. Akwai babba, mai faɗin baki, ta askin kai da rage gemu mai cika. Akwai ƙarama mai siririn baki, wadda bakinta ya yi kama da harafin T, aikinta fitar da layi: gefen saje, gashin baki, ƙarƙashin haɓa. Idan gemunka cikakke ne, kana so ka daidaita shi kawai, babbar ce taka, tare da kum ɗin roba da ake ɗora mata a baki. Idan ka tura ƙaramar cikin ƙasumba za ta riƙa cizo tana tsayawa, injin ya gaji da wuri, ka ce jabu aka sayar maka, alhali aikin da ba nata ba ka sa ta.

Sai maganar wuta. Kamfani yana da janareta, ɗakinka fa? Wanda ke zaune a Ja'en ko Fanshekara ko Dakata ya san yadda KEDCO take kawowa ta ɗauke. Kilifa mai waya tana da ƙarfi, tana daɗewa tunda ba ta da batirin da zai mutu, amma ranar da aka ɗauke wuta ka gama gefe ɗaya, sai dai ka fita da rabin gemu. Don haka ga yawancinmu mai caji ta fi. A mai cajin ma, nemi wadda ake caja ta da USB, musamman mai baki irin na wayoyin yanzu. Wannan za ka iya caja ta da fawa banki, ko a wajen mai cajin waya, ko da ƙaramar sola. Wadda ke da caja nata na daban, ranar da cajan ya ɓata ko ya ƙone, sai ka zaga Sabon Gari kaf kana neman irinsa. Ka kuma tambaya ko tana aiki tana jone da caji, don ba duka suke yi ba.

Batirin ma ka duba. Idan ka ga an rubuta Li-ion, wato lithium, irin na waya ne: yana caji da sauri, yana riƙe ƙarfinsa har kusan ƙarshe. Idan Ni-MH ne, tsohon yayi ne, yakan ci sa'o'i da yawa a caji, kuma da ya fara yin ƙasa injin zai rage gudu ya soma jan gashi. Kar manyan lambobin da ke jikin kwali su ruɗe ka, tawada ba ta da tsada. Tambayi minti nawa take yi bayan ta cika, ka kuma tambayi wanda ya riga ka saye.

Ga wani tarko da ke kama masu son na gwanjo. Za ka ga Wahl ta asali, an kawo ta daga Amurka, ka ce yau na tsinci dami a kala. Wahl tsohon kamfani ne, tun 1919 yake wannan sana'a, ba a musun ingancinsa. Amma wutar Amurka 120V ce a kan 60Hz, tamu 230V ce a kan 50Hz. Ka jona ta kai tsaye, ta ƙone. Ka sa mata na'urar rage wuta, mai wayar da ke aiki da maganaɗisu za ta riƙa ƙara tana kaɗawa, domin gudunta ya dogara ne da bugun wutar da aka ƙera ta dominsa. Saboda haka juya ta ka karanta bayanta. Ka ga 220-240V da 50Hz, ko 100-240V a jikin caja, to tamu ce.

Yanzu baki, wato haƙoran. Nan ne ran kilifa yake. Akwai na ƙarfen da ba ya tsatsa, akwai na ƙarfen da ya fi kaifi amma yana tsatsa idan ya sha ruwa, akwai na tangaran wanda ba ya saurin zafi amma yana iya tsagewa idan ya faɗi. Ni dai abin da na fi dubawa shi ne, da sukurori aka ɗaure bakin? Idan da sukurori ne, ana iya kwance shi a wanke, a wasa, a daidaita, ko a canza. Kafin ka biya, tambayi mai shago ko yana sayar da bakin daban. Kilifar da ake samun bakinta a Kano ta fi wadda sunanta ya fi daɗin faɗa. Shi ya sa irin su Kemei da VGR, 'yan Chaina, suka cika hannun masu aski. Ba wai sun fi Wahl ko Philips ba ne, sun fi sauƙin samu ne kawai, kuma a cikinsu ma akwai mai kyau akwai tarkace.

Kar ka karɓi kwali a rufe ka kama hanya. Ka sa a kunna ta a gabanka. Saurari ƙararta: ta tafi sumul, ba kwaram-kwaram ba. Gwada a gashin hannunka, ta yanke, kar ta ja. Bar ta tana aiki minti biyu ko uku ka taɓa bakin, idan har ya ɗau zafi sosai, ajiye ta. Duba kum ɗin, ya kama gam, don wanda ya zame ana cikin gyara shi ke yi wa mutum rami a gemu. Duba rubutun kwalin, jabu yakan tona kansa da kuskuren rubutu. Sannan ka karɓi rasit. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar da kayan da ya zo da aibi. Amma ba rasit, da me za ka kafa hujja?

Wani zai ce duk wannan a kan 'yan dubbai? To ba kuɗi ne kaɗai ba, akwai lafiya. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar cutar tana bin jini, kuma tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai. Kilifar da aka matse bakinta don ta fitar da layi tana iya yankar fata, yankan da ko gani ba za ka yi ba. Ɗan hasken laita da ake yi wa bakin na daƙiƙa biyu ba abin dogaro ba ne. Ga kuma makero da ke bin kayan aski. Saboda haka in kun haɗa ɗaki ku huɗu, ku haɗa tukunya, ku haɗa kuɗin haya, amma kar ku haɗa kilifa. Ciwon hanta B yana da rigakafi, ka je asibiti a gwada ka a yi maka.

Sai ƙurajen nan da ke fitowa a wuya da haɓa bayan aski. Gashinmu mai murɗewa ne. Idan aka ƙwaƙule shi har ƙasa, sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata, wurin ya kumbura. Ka haɗa da gumi da ƙurar kamfani, abin sai ya ƙaru. Dabarar ita ce ka bar ɗan tsawo, ko da milimita ɗaya ne. Don haka nemi kilifa mai ɗan hannu a gefe na ƙara tsawo da ragewa, ko mai ƙaramin kum.

In ka saya, kula da ita ba wuya. Bayan kowane gyara ka goge gashin da buroshi, ka shafe bakin da sifirit, ka ɗiga mai ɗigo biyu ko uku. Man kilifa ko na keken ɗinki, ba man gyaɗa ba, ba baƙin mai ba. Kar ka wanke ta da ruwa sai ka ga alamar IPX7 a jikinta. Kar ka bar ta a rana ko kusa da inji mai zafi, zafi yana kashe batir.

Kuma 'yan uwana masu shagon aski, ba abincinku nake son tarewa ba. Ba kowa ne zai iya fitar wa kansa layi ya tafi daidai ba, hannu sana'a ne. Abin da nake cewa, mutum ya zo da kilifarsa a aljihu, ku yi masa, ya biya kuɗin hannu. Shi ya tsira da lafiyarsa, ku taku kilifar ta huta.

Tunda daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi, kuma duk mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Abin da ke ci min rai shi ne, a Sharaɗa muna narka roba dare da rana, amma kum ɗin kilifa sai an ɗauko mana shi daga Chaina. Wannan maganar wani shirin ce. A yanzu dai, in kuɗinka bai kai na mai kyau ba, kar ka yi gaggawa. Ci gaba da zuwa shago, ka riƙa ajiye ɗan wani abu duk sati ko ka shiga adashi, in ya taru ka saya sau ɗaya.

Wanda ke da kilifar da ta haura shekara tana aiki, ya rubuto mana sunanta da inda ya saye ta, wasu su amfana. Allah Ya sa wa nema albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, insha Allah.