Kunnen Kwamfuta: A Gwada Shi Kafin A Ba Shi Amanar Magana

Gabatarwa

A ƙaddara wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ya ɗauki kwamfutarsa ya nufi Wurogauri domin naɗar tarihin baka daga bakin dattawa. Burinsa shi ne idan ya dawo ya miƙa sautin ga manhajar da ke mayar da magana rubutu, ya huta da wahalar kwafa da hannu. Shin makirufo da kayan sautin da suka zo a jikin kwamfutar za su wadatar? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin dattijon da ya yi magana yau ba lallai ne a same shi baɗi ba. Wannan maƙala za ta nuna wa mai karatu yadda zai binciki lamarin da kansa, ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Taƙaitaccen Tarihi

A 1952 masana a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka suka ƙera na'urar Audrey, wadda lambobi kawai take ganewa, daga sifiri zuwa tara. A 1997 aka fito da Dragon NaturallySpeaking, mai rubuta magana ba tare da an tsaya tsakanin kalmomi ba. A shekarar ne kuma kamfanin Intel ya fito da tsarin AC'97, wanda ya sauƙaƙa dasa kayan sauti a kan babban allon kwamfuta, maimakon a sayi katin sauti na dabam. Wannan ya rage tsada, amma ya sa hanyar sauti ta yi maƙwabtaka da sassan da ke watsa hayaniyar lantarki. A 2022 kamfanin OpenAI ya saki Whisper, wadda Hausa ke cikin harsunanta, ko da yake ƙwarewarta a Hausa ba ta kama ƙafar ta Turanci ba.

Yadda Kwamfuta Ke Ji

Magana kaɗawar iska ce. Makirufo yakan mayar da kaɗawar zuwa lantarki mai rauni, sai wani sashe ya ƙara masa ƙarfi, wani kuma ya riƙa auna shi yana mayar da shi lambobi. Ƙa'idar ita ce, yawan awon a sakan ɗaya dole ya ninka kaɗawar sauti mafi tsini da ake son kamawa. Layin tarho yakan yi awo 8,000 a sakan, saboda haka ba ya iya ɗaukar abin da ya wuce kaɗawa 4,000. Yawancin manhajojin gane magana kuwa awo 16,000 suke aiki da shi. Kusan kowace kwamfuta ta yau ta zarce wannan adadi. Inda gizo ke saƙa shi ne tsabtar abin da ake aunawa.

Me Ya Sa Hausa Ke Buƙatar Kunne Mai Kyau?

Dubi kalmomin sara da shara da tsara. Babban abin da ya bambanta su yana can cikin sauti mai tsini, daidai inda shuuwar kayan lantarki marasa inganci ke taruwa. Dubi kuma kafa da ƙafa: bambancinsu ɗan ƙanƙanen fashewar iska ne wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Bugu da ƙari, Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya ne ke raba kukan yaro da kukar miya. Muryar namiji baligi takan kaɗa kimanin sau 85 zuwa 180 a sakan. Wutar lantarkin Nijeriya kuwa tana kaɗawa sau 50, kuma idan caja ba ta da kyau, gurnaninta yakan bayyana har a 100 da 150, wato a cikin gonar muryar dattijon namu.

Matakan Gwaji

Ana iya amfani da Audacity, manhajar naɗar sauti ta kyauta. Da farko a naɗi shiru na sakan goma da caja a jone, sannan a zare ta a sake naɗa da batir kaɗai. A saurari duka biyun da abin sawa a kunne. Idan gurnani ya ɓace bayan zare caja, to an kama ɓarawo, kuma maganinsa shi ne a cika batir kafin zama da mai magana.

Na biyu, a karanta wani sakin layi da murya ta yau da kullum, a dubi zanen igiyar sautin. Idan ƙololuwar zanen ta daki rufi ta baje kamar an datse ta da almakashi, to ƙarfin ya yi yawa, kuma abin da aka datse ba ya dawowa. A rage shi har ma'auni ya riƙa tsayawa tsakanin desibel 6 zuwa 12 ƙasa da rufin. Sai a kwatanta da shirun da aka naɗa: abin so shi ne magana ta ɗara hayaniya da desibel 30 ko fiye.

Na uku, a duba ko kwamfutar na tace hayaniya da kanta. An tsara wannan tacewa domin daɗin kunnen mutum, kuma wani lokaci takan haɗiye farkon kalma ko ƙarshenta. A gwada da ita, a kuma gwada ba ita.

Na huɗu, wanda shi ne alƙali, a shirya rubutu mai kalmomi 100, a karanta, a miƙa wa manhajar, sannan a ƙirga kalmomin da ta musanya, da waɗanda ta tsallake, da waɗanda ta ƙara. Sai a aro makirufo mai jonon USB, wanda ke mayar da sauti lambobi a wajen jikin kwamfuta, a maimaita karatun a wuri ɗaya. Idan kurakuran sun yi kusan daidai, kayan sautin kwamfutar sun wadatar. Idan sun ragu sosai, to sayen makirufo ya zama wajibi.

Abin Lura A Wurogauri

Gwajin da aka yi a ɗakin karatu ba ya wakiltar zaure. Akwai injin niƙa da janareto da iskar hunturu, ga kuma fankar cikin kwamfutar kanta, wadda ke ƙara gudu idan zafin bazara ya tsananta. A matso da makirufo kusa: duk lokacin da nisa ya ninka a fili, ƙarfin murya yakan ragu da kimanin desibel 6.

Har ila yau, kada a ɗora wa kunne laifin ƙwaƙwalwa. Mutumin ƙasar Gwandu yakan ce wanga da hwaɗi a inda Bakano zai ce wannan da faɗi, kuma ana iya jin Fulatanci ya ratso cikin hira. Idan naɗin ya fita tas amma manhajar ta ci gaba da tuntuɓe, to karin harshen ne ba ta koya ba. Shirin Common Voice, wanda gidauniyar Mozilla ta fara a 2017, yana karɓar muryoyin masu sa kai, har da na Hausa, kuma ƙofa ce da ɗalibanmu za su iya shigar da Hausar yamma ta cikinta.

Kammalawa

Manhajoji suna ƙara ƙwarewa, kuma naɗi mai tsabta da aka adana yau ana iya sake miƙa shi ga wadda ta fi ta yau nan gaba. Gurɓataccen naɗi kuwa ya tafi ke nan. Rabin sa'a ta ishi ɗalibi ya yi waɗannan gwaje-gwaje kafin ya kama hanya, domin Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.