Ɗan wasan da babu shi a duniya: yadda ake tafiyar da gasar ƙwallon Amurka ta ƙirƙira

Wanda ya yi ƙuruciya a Madawa, Buza ko Keita da wuya ya manta da ƙwallon marfin kwalba. Yara su share ƙasa, su ja layi da tsinke, su jera marafe, kowanne da sunansa: wannan Drogba, wancan Eto'o, ga Maazou a gaba. Wani yaron kuma ba ruwansa da taurari, sunan kansa yake raɗa wa marfin, kuma in an ci shi har kuka yake yi.

A Amurka, Kanada da wasu ƙasashen Turai akwai manya masu aiki da iyali da har yau ba su daina irin wannan wasa ba. Sun dai mayar da shi cikin kwamfuta, sun yi masa dokoki, kwamishina, kakar wasa da kofi. 'Yan wasan da ke fafatawa a gasar babu ko ɗaya da aka haifa: mambobi ne ke ƙirƙirar su, su ba su suna da gari da tsayi da nauyi, sannan su zauna jiran ranar da ƙungiyoyi za su zo zaɓe.

Wasan da aka gina gasar a kai shi ne ƙwallon Amurka, wanda ba a buga shi a filayen Adar. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, filin yadi 100 ne, wato kimanin mita 91, kuma ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10 ko ta miƙa ƙwallon. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki shida. Layukan da aka ja a filin sun sa ya yi kama da ragar mai gashin nama, kuma daga nan ne Turawa suka samo masa laƙabi.

Na baya shi ke fara zaɓe

Abin da ya fi jan hankalin masu wannan gasa ba wasan kansa ba ne, rabon sababbin 'yan wasa ne. A gasar NFL ta gaske mai ƙungiyoyi 32, ana yin rabon kowace shekara a ƙarshen watan Afrilu, zagaye bakwai. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗaukar matashin da take so daga cikin waɗanda suka fito daga jami'o'i, zakara kuwa sai a ƙarshe. An fara hakan a 1936 a birnin Philadelphia bisa shawarar Bert Bell, mai ƙungiyar Eagles, wanda ya gaji da ganin masu kuɗi na kwashe gwanaye.

Ga mai kallon Firimiya ko La Liga a gidan kallo, wannan baƙon tsari ne. A Turai mai kuɗi ke saye, ƙaramar ƙungiya ta yi reno babba ta ɗauke. Amurkawa, duk da son kasuwarsu, a nan sun ɗaure hannun mai ƙarfi.

Kuma zaɓen ba ya rasa ban mamaki. Jay Berwanger, mutum na farko da aka fara zaɓa a 1936, bai taɓa buga ko wasa ɗaya a NFL ba. Tom Brady shi ne na 199 a shekarar 2000, ya kuma ci kofin Super Bowl sau bakwai. Brock Purdy shi ne na ƙarshe, na 262, a 2022, amma a Fabrairun 2024 shi ya jagoranci San Francisco 49ers zuwa wasan ƙarshe. Irin wannan labari ne kowane mai ƙirƙirar ɗan wasa yake mafarkin ya zama nasa.

Daga otal a New York zuwa ɗan wasan ƙirƙira

Asalin abin ya koma 1962, lokacin da Bill Winkenbach, ɗaya daga cikin masu hannun jari a ƙungiyar Oakland Raiders, ya zauna da abokansa a wani otal a New York suka tsara wasa: kowa ya zaɓi 'yan wasa na gaske, ya tara maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Sun yi zaɓensu na farko a 1963 da ƙungiyoyi takwas. Jikan wannan wasa shi ne Fantasy Premier League da aka fara a 2002, wanda matasa da yawa a Kano, Maraɗi da Yamai suka sani: fam miliyan 100 na ƙarya, 'yan wasa 15, sai zaɓen kyaftin da ke hana mutum barci daren Juma'a.

Gasar ƙirƙira ta wuce nan da taki ɗaya. A Fantasy, Salah na gaske ne ke cin ƙwallo ko ya ɓarar. A nan babu Salah, manhaja ce ke lissafa sakamako daga ƙarfin da aka rubuta wa kowane ɗan wasa. Wasu na amfani da wasan Madden NFL, wanda ya fara fitowa a 1988, kuma tun fitowar 2018 ya ba mutane damar tsara jerin sababbin 'yan wasa da kansu su raba wa wasu. Wasu kuma sun kafa tsari mai zaman kansa, kamar International Simulation Football League da aka fara a 2017, mai ƙungiyoyin da aka danganta da garuruwa irin su Baltimore, Berlin da Yellowknife na arewacin Kanada, inda ake buga wasannin da manhajar Draft Day Sports a kuma haska su kai tsaye.

A irin wannan gasa sabon mamba ɗan wasa ɗaya yake ƙirƙira, mai rauni ƙwarai. Ba a sayen ƙarfi da kuɗi. Maki ake samu ta hanyar aiki kowane mako: rubuta labarin ɗan wasan, hasashen sakamako, zana hoto, ko ɗaukar wani aikin gasar. Makin ne mutum ke zubawa a gudu, ƙarfi ko kaifin hannu. Sabo yakan fara a ƙaramar gasa ta renon 'yan wasa kafin manya su zaɓe shi, kuma bayan wasu kakanni doka na rage masa ƙarfi a hankali, ya tsufa, ya yi ritaya, mai shi ya sake haifar wani.

Shi ya sa masu kula da ƙungiyoyi ba lambobi kawai suke dubawa ba kafin ranar zaɓe. Hira suke yi da mutumin da ke bayan sunan. Zai daɗe? Yana zuwa kullum, ko ɗokin mako biyu ne? Ɗan wasan da mai shi ya ɓace ya zama gawa a cikin ƙungiya, ba ya ƙaruwa, kuma an riga an ɓata zaɓe a kansa.

Abin da ɗan Adar ya riga ya sani

Wannan duka ba zai yi wa mai bin kokawa wuyar ganewa ba. Gasar takobi ta ƙasa, da aka fara a Tawa a 1975 inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, tana haɗa jihohi takwas, kowace da 'yan kokawa 10. Kafin mutum ya shiga cikin goman nan sai ya bi ta matakai: a gan shi a dandalin ƙauye bayan girbi, ya kā da na gundumarsa, sannan ya je a tace a matakin jiha. Jama'a ne ke yin ɗan kokawa. Su ke ciyar da shi, su raka shi, su yi masa suna, makaɗi ya ɗora masa kirari. Tsofaffi a Tawa har yau suna ambaton Kadade, matasa kuma sun tashi da sunan Issaka Issaka na Dosso. A dambe ma, rabin girman Shago daga bakin Ɗan Anace ya fito.

Labaran da mamban gasar ƙirƙira ke rubutawa a kan ɗan wasansa kirari ne kawai da aka buga da na'ura. Bambancin shi ne a can mutum ɗaya ne makaɗi kuma shi ne ɗan kokawar.

Akwai kuma dalilin da ya sa tsarin zai iya yi wa wannan yanki ma'ana fiye da wasu. Madawa, Buza da Keita na cikin wuraren da tafiya bida ta zama al'ada tun kakanni. Da an gama aikin gona, ko an kwashe albasar kwarin Tarka, fada sai ta watse: wannan Legas, wancan Abijan, wani Agadas da niyyar Libiya ko Aljeriya. Ƙungiyar ƙwallon unguwa ba ta jure haka, domin ba a buga wasa da mai tsaron gida yana Tiripoli. Gasar da ke zaune a waya ba ta damu da inda mutum yake ba. Ko agogo bai raba su sosai ba: Nijar, Najeriya da Aljeriya lokacinsu ɗaya, Libiya na gaba da awa guda, Gana da Kwaddibuwa na baya da awa guda.

Kwamishina da uwar adashi

Sai dai inda irin waɗannan gasanni ke mutuwa ba a fili ba ne, a wajen amana ne. Mutum ɗaya ko 'yan kaɗan ke riƙe da kwamfutar da ake buga wasannin. In ya ga dama zai iya maimaita wasa har sai ƙungiyarsa ta ci, ba wanda ya gani. Saboda haka gasannin da suka daɗe ke raba aiki: mai buga wasa daban, masu duba maki daban, masu yanke hukunci daban, kuma a haska wasan kowa na kallo. Babban laifi a wurinsu shi ne mutum ɗaya ya shigo da suna biyu ya mallaki 'yan wasa biyu, kuma hukuncinsa yakan kai kora.

Duk wanda ya taɓa shiga adashi ya san wannan matsala. Ba a tambayar ko uwar adashi ta iya lissafi, ana tambayar ko za ta fifita ƙanwarta a ɗauka. A gari ƙarami, inda kwamishina zai iya zama ɗan baffan rabin mambobi, dokar da aka rubuta tun kafin a fara ta fi muhimmanci fiye da a Amurka, inda akasarin mambobin ba su taɓa ganin juna ba.

Tsarin zaɓen ma yana da nasa ramin. Tunda na baya ke fara ɗauka, akan samu ƙungiyar da ta ga ba ta da rabo ta riƙa faɗuwa da gangan. Ko a manyan gasanni na gaske an sha zargin haka, shi ya sa gasar kwando ta NBA ta shigo da ƙuri'a tun 1985.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne mafi haɗari. A Amurka wasan Fantasy ya fara a matsayin nishaɗin abokai, daga baya kamfanoni irin su DraftKings da FanDuel suka mayar da shi na kullum da kuɗin shiga, kuma bayan hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na watan Mayun 2018 da ya buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni, kamfanonin suka shiga cacar gaba ɗaya. Gasannin ƙirƙira irin na masu sa kai sun tsira daga wannan ne saboda kuɗin da ke yawo a cikinsu na ƙarya ne, ba ya sayen ko ƙullin sukari. Ranar da aka ce kowa ya ajiye jaka ɗaya mai nasara ya kwashe, sunan abin ya canza, kuma iyaye da malaman unguwa ba za su yi jinkirin faɗin sunan ba.

Akwai cikas na zahiri. Manhajar na buƙatar kwamfuta da wuta, kuma mazauna yankin ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki. Kuɗin data na ci. Sannan tsarin Amurkawa ya dogara da dogon rubutu cikin Turanci, alhali zumuncin 'yan bida ya fi tafiya da saƙon murya a WhatsApp. Wanda zai dasa irin wannan gasa a Adar dole ya karɓi kirari na baka a madadin rubutu, kuma wataƙila ya bar ƙwallon Amurka ya gina ta a kan ƙwallon ƙafa ko kokawa.

Ita kanta ƙwallon Amurkar tana matsowa. Christian Okoye, haifaffen Enugu, ya shiga Kansas City Chiefs ta hanyar zaɓen 1987. Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, shi ke jagorantar neman matasa a Afirka, kuma NFL ta yi sansaninta na farko a nahiyar a Gana a 2022, sannan Kenya a 2023 da Legas a 2024. Nau'in wasan da ba a kā da mutum, inda ake fizge ƙyalle daga ƙugu, zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Mai son ganin yadda wasan yake, wasannin farko na ranar Lahadi suna farawa da ƙarfe shida na yamma agogon Nijar a watannin Satumba da Oktoba, Super Bowl kuwa sai bayan sha biyun dare.